Abin da Ya Gitta: Yaɗuwar Ma'anar Kalmar *Crossbar* a Ingilishi da Matsalar Mai Fassara Ta Zuwa Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kalma ɗaya ta Ingilishi, *crossbar*, daga filin ƙwallo zuwa jikin keke, da haruffan boko, da ɗakin haɗa layukan tarho. Abin da take son tabbatarwa shi ne, kalmar ba ta damu da abin da aka ƙera abu da shi ko aikin da yake yi ba, yanayin kwanciyarsa kurum take nunawa, kuma wannan ne ya ba ta damar ɗaukar ayyuka masu karo da juna. Daga nan maƙalar ta duba abin da hakan ke jawo wa mai fassara zuwa Hausa, harshen da ya fi son raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna bisa aikinsu.

1.0 Gabatarwa

Zan fara da wani dare da da yawa daga cikinmu ba su manta ba. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a birnin Johannesburg, Gana na karawa da Yurugwai a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya. A daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci Luis Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon da ke shiga raga, aka ba shi jan kati, aka ba Gana bugun daga kai sai mai tsaron gida. Asamoah Gyan ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta tashi. Gana ta faɗi a bugun fanareti, Afirka kuma sai da ta jira Maroko a 2022 kafin ta taka matakin kusa da na ƙarshe.

Mai sharhi da Ingilishi ya kira abin da ƙwallon ta daka *crossbar*. Wanda ya saurara da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram *barre transversale* ya ji. Balarabe ya ce *al-arida*, daga tushen da ke nufin faɗi. Mu kuwa a gidajen kallon ƙwallo cewa muka yi ta daki ƙarfe, ko ta bugi turke. Kowa ya gane, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Amma mai nazarin harshe ya kamata ya ɗan tsaya, domin turke a tsaye ake kafa shi a ɗaure akuya, abin da ya hana Gana kuwa a kwance yake. Wannan ɗan saɓanin ne ya sa na shiga bin kalmar, sai na tarar filin ƙwallo ɗaki ɗaya ne kawai cikin gidan da take zaune.

2.0 Asalin kalmar

Harɗaɗɗen suna ne mai gaɓa biyu, kuma duka biyun baƙi ne a Ingilishi. *Cross* daga Latin *crux* take, gungumen da Romawa ke gicciye mutane a kai, ta iso Ingila ta hannun mutanen Ailan da na Sikandinebiya. Kafin zuwanta tsohon Ingilishi *rood* yake cewa, kalmar da har yau take cikin sunan fadar Holyrood a Edinbara. *Bar* kuwa daga tsohon Faransanci *barre* take, ta shigo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Haɗin nasu ya bayyana a rubuce tun ƙarni na 16. An daɗe ana rubuta shi da karan ɗori a tsakiya, yau kuma galibi a haɗe ake rubutawa, ana ɗora nauyin furuci a gaɓar farko kamar yadda aka saba a harɗaɗɗun sunayen Ingilishi.

Abin lura shi ne *cross* ta yar da nauyinta na addini kafin ta shiga wannan haɗi. A nan ba ta nufin komai sai "a gicce", kamar a *crosswind*, iskar da ke bugowa daga gefe, ko *crossbeam*, katakon da aka gitta. Zan dawo kan wannan batu, domin a nan ne mai fassara ya fi yin tuntuɓe.

3.0 Filin wasa: sanda ɗaya, dokoki masu karo da juna

Lokacin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta rubuta dokokinta na farko a 1863, babu wani abu a saman raga, hasali ma ragar kanta babu. Turaku biyu ne tsakaninsu yadi 8, ƙwallo ta bi ta tsakaninsu komai tsayin da ta yi, an ci. Ana iya kwatanta irin musun da hakan ya haifar. A 1866 aka ɗaura tsirin ƙyalle daga turke zuwa turke a tsayin ƙafa 8. Ƙyalle kuwa yana saki, iska na kaɗa shi, musu bai ƙare ba. A 1875 aka halatta sa katako a madadinsa, sannan taron hukumomin Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan da aka yi a Manchester a Disamban 1882 ya amince a yi watsi da ƙyallen gaba ɗaya. Raga sai a farkon shekarun 1890 ta zo, ƙirƙirar wani injiniya na Liverpool, John Alexander Brodie. Awon bai canja ba har yau: faɗi mita 7.32, tsayi mita 2.44 daga ƙasa zuwa ƙarƙashin sandar, kaurinta kuma kada ya wuce santimita 12.

Waɗannan santimita 12 sun ci rai da yawa. A wasan ƙarshe na 1966 a Wembley, ƙwallon Geoff Hurst ta daki ƙarƙashin sandar ta dira ƙasa, mataimakin alƙalin wasa Tofiq Bahramov, mutumin Azarbaijan, ya ce ta shiga, Ingila ta doke Jamus ta Yamma 4 da 2. Jamusawa har yau ba su yarda ba, har suka mayar da sunan filin kalma ta kowace ƙwallo irin wannan, *Wembley-Tor*. Shekara 44 bayan haka, a Bloemfontein, ƙwallon Frank Lampard ta daki wuri ɗaya ta dira bayan layi a fili, aka hana Ingila, kuma da Jamus ake karawa. Wannan na cikin abin da ya sa aka amince da na'urar tantance layin raga a 2012. Ingilishin 'yan ƙwallo kuma ya riƙe wata tsohuwar kalma, *woodwork*, wato aikin katako, ga turaku da sandar duka, ko da yake yanzu da ƙarfe ko alminiyom ake yin su. Mu da muke cewa "ƙarfe" mun fi su kusa da gaskiya.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan an bar ƙwallon ƙafa. A wasan zari-ruga sandar tana tsayin mita 3, turakun kuma sun zarce ta sama, in an buga, sai ƙwallo ta bi ta samanta ake samun maki. Haka ma a ƙwallon Amurka, inda take tsayin ƙafa 10. Abin da ke rufi a wasa ɗaya ya koma daɓe a wani. A tsallen sama da tsallen gora kuma ɗora ta kawai ake yi a kan 'yan maɗaukai, an yi ta ne don ta faɗo, faɗuwarta ita ce hukunci. Javier Sotomayor na Kyuba ya tsallake mita 2.44 a 1989, daidai tsayin ragar ƙwallon ƙafa, sannan ya ƙara santimita ɗaya a Salamanca a 1993, bajintar da har yau ba a karya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gola ya ɗaga kai ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Ke nan a fagen wasanni kaɗai, kalma ɗaya tana nufin abin da ake bi ta ƙarƙashinsa, da abin da ake bi ta samansa, da abin da ba a so a taɓa. Har akwai wasan nishaɗi da shirin talabijin na Soccer AM ya yayata, *crossbar challenge*, inda dukan sandar da gangan shi ne nasara. Aikin ba ya cikin kalmar, dokar wasa ce ke zuba shi.

4.0 Keke: inda gicciyar ta ɓace

A Ingilishin Birtaniya *crossbar* shi ne bututun ƙarfen da ya taso daga ƙarƙashin sirdi zuwa wuyan keke. Masu ƙira sun fi cewa *top tube*, bututun sama. Ya samu gindin zama ne bayan John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry a 1885, ƙirar da ta rikiɗa ta zama firam mai kusurwa uku biyu da muka sani a kekunan Rale. Rashinsa kuma shi ya zama alamar keken mata, saboda sutura. Mazan da ke hawa da babbar riga su ma sun san amfanin wannan ƙira, ko da ba su faɗa ba.

Abin mamaki a nan, wannan ƙarfe bai gitta hanyar da keke ke bi ba, tare da ita ya miƙe. In da hankali kaɗai ake bi, ƙarfen da mahayi ke riƙewa shi ya fi cancantar sunan, amma shi *handlebar* aka ce masa. Sai ka tsaya a gefen keke ka dube shi kafin ka ga dalili: bututu biyu a tsaye, ɗaya a kwance ya haɗa su. Wato mahangar mai kallo aka ɗauka, ba ta mahayi ba. A arewacin Ingila da tsakiyarta yara sun gutsure kalmar suka yi *croggy*, goyon da ake yi wa aboki a kan wannan ƙarfe. Ni ma yayana ya sha kai ni makarantar allo a haka, ƙafafuna na lilo gefe guda, kuma ban tuna mun taɓa kiran wurin da wani suna ba ban da gaba. Baya kuwa yana da suna, kariya.

5.0 Haruffa

Masu zanen haruffan ɗab'i suna kiran layin da ke kwance a tsakiyar A da H *crossbar*. Wasunsu suna bambanta shi da wanda ke ratsa t da f, su kira wannan *cross stroke*, bisa hujjar cewa na farko haɗa layi biyu yake yi, na biyu kuwa yanka layi ɗaya yake. Wasu kuma ba su damu da bambancin ba. Wannan ƙaramin saɓani yana da muhimmanci ga maƙalar nan, domin ya nuna siffa biyu ce ke zaune cikin kalmar tun asali: ta H, inda sanda ke tsakanin abu biyu, da ta alamar tarawa, inda take ratsa abu ɗaya. Raga da keke na gidan H ne. Gicciyen coci na ɗaya gidan ne, kuma can ma ana ƙirga sandunan: na Lorraine, wanda Charles de Gaulle ya ɗauka tambarin 'yantar da Faransa a 1940, biyu gare shi, na Paparoma uku, na Cocin Otodoks na Rasha kuma na ƙasansa a karkace yake.

Ɗan layin nan yana aikin rarrabewa. Shi ne ya raba t da l a rubutun hannu, abin da ya haifar da karin maganar Ingilishi ta ɗiga wa *i* ɗigo da gitta wa *t* sanda, ma'ana cika aiki har ƙarshensa. Da shi harsuna da dama suka ƙirƙiri sababbin haruffa: Ħ a harshen Malta, Đ a Kuroshiya da Biyetnam, Ð a tsohon Ingilishi da harshen Aisilan na yau. Faransawa da Jamusawa suna gitta wa 7 layi don kada ta rikice da 1, al'adar da duk wanda ya yi makaranta a Nijar ya sani. Alamar fam, £, harafin L ne na kalmar Latin *libra* da aka gitta wa layi. Alamar naira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973, N ce mai layi biyu, haka ma alamun yuro da yen layi biyu gare su.

Hausar boko ba ta bi wannan hanya ba. A kan lanƙwasa aka tsaya, ɓ da ɗ da ƙ. Amma ina ganin kwatancin da ya fi ma'ana yana makarantar allo. Baturen ɗab'i yana cewa harafi na da hannu da ƙafa da kafaɗa da kunne da wutsiya. Alaramma ma haka yake koyar da babbaƙu: ɗa mai hannu, an baki wofi. Duka biyun jikin mutum suka ara. Sai dai da Bature ya zo kan layin kwance bai sami gaɓar jiki da ta dace ba, ya koma wurin kafinta ya aro sanda.

6.0 Tarho: lokacin da sanda ta zama tsari

A nan ne kalmar ta yi tafiya mafi nisa. Na'urar haɗa layukan tarho mai sarrafa kanta ta farko da ta yaɗu ita ce ta Almon Strowger, wani mai sana'ar jana'iza a birnin Kansas, wanda ya yi mata rajista a 1891. Tata dabarar hannu ne na ƙarfe mai hawa mataki-mataki yana juyawa, ga ƙara, ga saurin lalacewa. Wadda ta gaje ta ita ce *crossbar switch*. John Reynolds na kamfanin Western Electric ya sami rajistar tunanin a 1915, Gotthilf Betulander da Nils Palmgren suka inganta shi a Suwidin, aka fara aiki da shi a garin Sundsvall a 1926. Kamfanin Bell ya buɗe nasa na farko a Brooklyn a 1938, sannan samfurin da aka fi sani, mai lamba 5, a 1948.

Ga yadda take aiki. Sandunan ƙarfe ne wasu a kwance, wasu a tsaye, kamar saƙar tabarma, kowace mahaɗa kuma akwai maɓallin lantarki. Maganaɗisu ya ɗan karkatar da sandar kwance, 'yan yatsun waya da ke jikinta su motsa. Wani maganaɗisun ya ja sandar tsaye, ta danne yatsa ɗaya kaɗai, wanda ke mahaɗarsu, maɓalli ya rufe, mai kira ya haɗu da wanda ya kira. Daga nan sandar kwance ta koma mazauninta ta tafi hidimar wani kiran, ta tsaye ta riƙe har a gama magana. Na'ura ɗaya takan ƙunshi mahaɗa 100 ko 200.

Nahawun kalmar ya juya a nan. A raga, *crossbar* sanda ce da ta gitta. A tarho, sanduna ne da suka gitta wa juna, na tsayen ma suna cikin sunan. Da lantarki ya kori ƙarfen, sunan bai tafi ba. Injiniyan kwamfuta yau yana kiran duk tsarin da ke ba kowace mashiga hanya kai tsaye zuwa kowace mafita *crossbar*, ko da a kan ɗan guntun silikon yake wanda bai kai farce ba. Tsadarsa ma daga siffar take: mashiga 1,000 da mafita 1,000 na bukatar mahaɗa miliyan ɗaya, matsalar da Charles Clos na ɗakin binciken Bell ya nuna hanyar rage ta a 1953. Kamfanin Sony har ya ari sunan ga jerin zaɓin da ke fuskar PlayStation 3, XrossMediaBar, inda babu abin da ya rage sai hotuna a jere a kwance da a tsaye.

Akwai sauran ma'anoni da ba zan tsaya a kansu ba: ƙarafan da ake gittawa a rufin mota don ɗaura kaya, zanen yadi mai layuka masu ratsa juna, ratsin jikin tsuntsu ko maciji, da harsashin igwa na jiragen ruwan dā mai sanda a tsakiya don tsinka igiyoyin jirgin abokan gaba. A zaurancen Amurka kuma *crossbar hotel* gidan yari ne.

7.0 Ma'ana ɗaya ce ko da yawa?

Masana ilimin ma'ana suna raba kalmomin da sauti kawai ya haɗa su da kalma ɗaya mai rassa. *Bar* ta awon ƙarfin iska, alal misali, daga Girkanci take, ba ta da dangantaka da *bar* ta kotu, wadda ta ba mu barista, daga shingen katakon da ke raba ɗakin. *Crossbar* ba ta da irin wannan baƙo a cikinta, duk rassanta jini ɗaya ne. Tambayar ita ce ko rassa ne na gaske, ko kuwa ma'ana ɗaya ce mai faɗi da kowane fage ke cikawa.

Ra'ayin George Lakoff da Mark Johnson, musamman a littattafansu na 1987, cewa ma'anoni kan taso daga wata siffa ta zuci su bazu kamar rassa daga gindi, ya dace da yawancin abin da na kawo. Raga, keke, harafin H da kayan rufin mota ni a ganina ma'ana ɗaya ce, ƙamus ne kawai ke jera su daban don sauƙin mai nema. Ta tarho kuwa ta yi ƙaura ta kafa gidanta. Hujjata mai sauƙi ce: wanda ya san raga, aka nuna masa keke aka ce ya taɓa *crossbar*, zai laluba ya samu. A ba shi allon kwamfuta, ba zai san inda zai sa yatsa ba.

8.0 Mai fassara

Hausa ba ta rasa waɗannan abubuwa ba, kallon da take yi musu ne daban. Itacen da ake gittawa a bayan ƙyaure sakata ne, don yana kullewa. Wanda ake shimfiɗawa a kan bango a ɗora rufi azara ce. Wanda ake ɗora wa shanun huɗa a wuya karkiya ce. Dukansu a gicce suke, kuma babu Bahaushen da zai ga dalilin tara su a suna ɗaya. Muna da kalma mai yawo irin tasu, sanda, ga sandar girma, ga sandar rake, ga sandar sabulu, ga ɗan sanda, amma ita tsawo da miƙewa take riƙewa, ba ruwanta da tsaye ko kwance. Kwanciyar a aikatau muke ajiye ta: gitta, gilma, ratsa.

Saboda haka ban goyi bayan neman kalma ɗaya da za ta maye *crossbar* ko'ina ba. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta "sandar gicciye" a fassarar labarin wasanni. Ya bi gaɓoɓin da aminci, amma ya dawo da nauyin addinin da Ingilishi ya riga ya sauke, mai karatu zai ɗauka coci ake magana. A ƙwallo "ƙarfen sama" ya wadatar, a bar wa turke na gefe biyu, sai mai sauraron rediyo ya san ko sama ƙwallon ta yi ko gefe. A keke "ƙarfen tsakiya". A darasin rubutu "layin kwance" ga A da H, "ratsi" ga t da f, sai mu sami bambancin da su Turawan ke ta jayayya a kansa. A tsallen sama "sanda" kaɗai ta isa, tunda babu wata a wurin.

Na tarho da kwamfuta ne ya fi ba ni wahala, domin a can babu ƙarfe, babu sama, babu tsakiya. Ina ba da shawarar "tsarin saƙa", ko "mahaɗar saƙa" idan na'urar ake nufi, saboda ɗalibin da ya taɓa ganin zaren tsaye da na kwance a masaƙa zai gane yadda kowane zare ke haɗuwa da kowane. Raunin shawarar shi ne a saƙa kowace mahaɗa a kame take koyaushe, a na'urar kuwa ɗaya ce ke rufewa sauran na buɗe. Zan so in ji daga malaman injiniya ko wannan raunin ya isa ya kayar da kalmar.